Neman abinci a kusa da filin jirgi da Google Maps: inda take da amfani da inda ba ruwanta

Idan aka tambaye ni wace manhaja ce ta fi yi wa matafiyi amfani lokacin da yunwa ta kama shi a babban filin jirgin sama, Google Maps zan ce. Amma da sharaɗi ɗaya: kada ka rubuta mata "gidan abinci kusa da ni". A tsakiyar gari wannan tambayar tana aiki. A filin jirgi kuwa ita ce hanya mafi sauƙi ta ɓata awa guda a banza.

Dalilin a fili yake. Manhajar tana duba inda ɗigon nan mai launin shuɗi yake, wato inda kake tsaye, ta jero maka wuraren da ke kewaye da shi. Filin jirgi kuma wuri ne da aka killace da shinge, titin saukar jirgi ɗaya kaɗai kan kai kusan kilomita 4, kamar na Heathrow a Landan. Saboda haka abin da za ta kawo maka bai wuce kala uku ba: shagunan da ke cikin wata tamina (ginin da fasinjoji ke shiga da fita), bayan binciken tsaro, inda katin shiga jirginka ba zai kai ka ba; ɗakunan cin abinci na otal-otal ɗin da ke jere a bakin titi; sai wani ɗan gidan abinci da za ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓo shi a taswira, alhali titin saukar jirgi ne a tsakaninku, sai an zagaye filin gaba ɗaya a mota kafin a iso shi. A Dubai, alal misali, Tamina ta 2 tana can ɗaya ɓangaren, Tamina ta 1 da ta 3 suna wannan ɓangaren. Wanda ya sauka a ta 2 da wanda ya sauka a ta 3 duk "filin jirgin Dubai" suke, amma abin da ke kusa da wannan ba ya kusa da wancan ko kaɗan.

Yadda nake yi shi ne, in bar maganar nisa in koma maganar layin dogo. Ina buɗe taswirar, in kunna sashen sufurin jama'a, in ga wane jirgin ƙasa ne ke fita daga filin, sannan in bi shi da yatsa tasha biyu, uku ko huɗu. A nan ne unguwannin da mutane ke zaune suke farawa, kuma a nan ma'aikatan filin jirgin da yawa suke haya. Sai in matsar da taswirar zuwa bakin wannan tashar, in danna "bincika wannan yankin". Nan take jerin yake canjawa, ka rantse wata manhajar ce daban.

Heathrow ne wurin da wannan dabarar ta fi burge ni. A arewacin filin akwai titin Bath Road, otal bayan otal, kuma su ne ke fara fitowa idan ka yi binciken farko. Amma daga Tamina ta 2 da ta 3, layin Piccadilly yana bi ta Hatton Cross ya shiga Hounslow West, Hounslow Central da Hounslow East. Layin Elizabeth kuma, wanda aka buɗe a 2022, tasharsa ta gaba Hayes & Harlington ce, ta biyu Southall. Southall unguwa ce da 'yan asalin Indiya da Pakistan suka cika, musamman mutanen Punjab, har allon sunan tashar an rubuta shi da rubutunsu a gefen na Turanci. Ba ka kai minti ashirin a jirgin ba ka iso.

Akwai wani ƙaramin gidan abinci a Hounslow da taswirar ta kai ni, tebur bai fi takwas ba, gilashin ƙofar duk ya yi hazo saboda tururin girki. Abin da na fara gani da shigata shi ne mutum uku a teburin lungu, rigunan nan masu ƙyalli na ma'aikatan filin jirgi rataye a bayan kujerunsu, katin shaidar aiki a wuya, ɗaya ya cusa nasa cikin aljihun riga don kada ya faɗa miya. Ba su ko kalli jerin abincin ba. Mai wurin yana ganinsu ya leƙa kicin ya faɗi abin da za a zubo. Ni a wurina wannan ya fi taurari biyar. Mutumin da ke da hutun rabin awa, kuma gobe ma nan zai dawo, ba ya zama inda za a ɓata masa lokaci ko ciki. Na nuna abin da ke gabansu na ce a ba ni irinsa, kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu.

Tunda maganar taurari ta zo, bari in tsaya a kanta, domin nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Google Maps tana ba kowa damar bai wa wuri tauraro ɗaya zuwa biyar, ta haɗa ta fitar da matsakaici. A cikin gari wannan lissafin yana da ɗan ma'ana, saboda masu sharhin sun san wasu wuraren da za su kwatanta. A gefen filin jirgi kuwa yawancin masu rubutun baƙi ne da suka ci sau ɗaya ba za su sake dawowa ba. Wani an soke masa jirgi, ya shigo da fushinsa, ya sauke shi a kan mai kawo abinci da tauraro ɗaya. Wani ya yi awa goma sha biyu a sama yana cin abincin roba, duk abin da aka ajiye masa mai zafi sai ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Na taɓa zama a ɗakin cin abincin wani otal mai taurari huɗu da rabi, aka kawo mini shinkafar da gefenta ke ƙuna tsakiyarta da sanyi, alamar daga firji ta wuce injin ɗumama abinci. Da na koma na karanta sharhin a tsanake, sai na ga yabon kusan duk na gado mai laushi ne da motar da ke kai mutane filin jirgi kyauta. Ba wanda ya yi ƙarya, ba dai abinci suke yabo ba.

To me nake dubawa? Da farko nakan juya sharhin zuwa "mafi sabo", domin gidan abinci kan canja mai girki ko mai shi, sunan da taurarin su zauna yadda suke. Sannan akwai ɗan gilashin bincike a cikin sharhin kansa, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Rubuta "jira", ko "jaka", ko duk abin da ya dame ka, da harshen ƙasar ko da Turanci, za ta tsamo maka duk wanda ya ambaci kalmar. Wanda ke da abin da ba ya ci, ko don addini ko don lafiya, nan ne zai sami amsarsa, ba a tambarin da mai shagon ya liƙa wa kansa ba. Ina kuma ba sharhin da aka rubuta da harshen 'yan ƙasa nauyi fiye da na baƙi, tunda manhajar tana fassarawa da kanta. Fassarar takan yi tuntuɓe, amma ana gane mai yabo da mai kuka.

Hotuna kuma, gani ya kori ji. Ba na kallon waɗanda mai wurin ya ɗora, masu haske da ganye a gefen faranti. Na masu ci nake nema, waɗanda aka ɗauka a karkace, cokali a ciki, an riga an ci rabi. Su ne ke nuna yawan abin da ake zubawa da tsabtar teburin. Idan an yi sa'a wani ya ɗauki hoton jerin abincin, sai ka duba watan da ya ɗora shi.

Abin da ya fi komai amfani ga mai sauri shi ne jadawalin cunkoso, wanda aka ƙara wa manhajar a 2015, mai nuna awannin da wuri ke cika, wani lokaci har da yadda yake a daidai wannan lokacin da kuma tsawon zaman da mutane kan yi. Daga bayanan wayoyin masu zuwa wurin ake haɗa shi, don haka ƙananan wuraren da ba su da jama'a sosai sau da yawa ba su da shi. Inda yake kuwa, yana raba ka da layin da zai cinye maka lokacin komawa. Haka nan wurin saka lokacin da kake son isa: ka sa filin jirgin a matsayin inda za ka, ka zaɓi "isa da ƙarfe kaza", za ta gaya maka jirgin ƙasan da ya kamata ka hau. Ni wannan nake fara yi tun kafin in zaɓi gidan abincin.

Sai dai akwai lissafin da ba ta yi maka, kuma ba ta ce za ta yi ba. A wurinta, tafiya tana farawa daga ƙofar tamina ta ƙare a ƙofar tamina. Layin jami'an shige da fice, ajiye jaka, komawa ta binciken tsaro, tafiyar ƙafa zuwa ƙofar shiga jirgi da kan kai minti ashirin a manyan filaye, duk kai za ka ƙara su. Babba a cikinsu ita ce biza. Filin Frankfurt a Jamus na da jiragen ƙasa S8 da S9 da ke kai mutum babbar tashar gari cikin kamar minti goma sha biyar, amma in fasfonka na buƙatar bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuma ba ka da ita, waɗannan gidajen abincin sai dai kallo a waya. A Ingila ma akwai 'yan ƙasashen da ko zama a ciki su jira wani jirgin sai da biza. Amurka kuwa ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba, kowa sai ya bi ta shige da fice. Ko Jewel na filin Changi a Singafo, ginin nan da aka buɗe a 2019 mai ruwan da ke zubowa daga tsayin mita 40 da gidajen abinci hawa-hawa, yana manne da Tamina ta 1 amma a waje yake, sai an buga maka izinin shiga ƙasar. Ƙa'idata ita ce, in zangon bai kai awa biyar ba, ba na fita.

Wasu filayen ma ko da lokacin, fitar ba ta da riba sosai. Sabon filin Istanbul, wanda aka kwashe jirage zuwa cikinsa a Afrilun 2019, yana can wajen gari ta ɓangaren Baƙin Teku, kimanin kilomita 40 daga tsakiya. Layin metro na M11 ya fara aiki a Janairun 2023 ya rage wahala, amma dabarar tasha biyu ko uku ba ta ba da abin kirki a nan kamar yadda take bayarwa a Landan ko Dubai, inda jan layin metro ke sauke ka a Deira ko Al Rigga bayan tasha biyu zuwa uku daga Tamina ta 1. A Istanbul, ko dai ka shiga gari sosai in kana da yini, ko ka haƙura ka ci a ciki. Filin Narita na Japan kuma akasin haka ne. Tokyo na da nisan kusan kilomita 60, amma garin Narita kansa kamar minti goma ne a jirgin ƙasa, da tsohon titin Omotesando mai gangarawa zuwa wurin ibadar Naritasan, gidajen gasa kifi a jere hagu da dama. Da yawansu kan rufe tun da yamma, don haka a duba awannin aiki, kuma in ranar hutu ce a ƙasar kada a dogara da abin da aka rubuta ɗari bisa ɗari.

A Japan ɗin ma ba Google Maps ce kaɗai ba. 'Yan ƙasar sun fi duba manhajar Tabelog, inda ake rowar maki har wurin da ya sami 3.5 ana ɗaukarsa gwani. A Koriya ta Kudu Naver Map da KakaoMap ne a wayar kowa. A Chaina kuwa an toshe ayyukan Google, sai ka nemi wata hanyar tun kafin ka tashi.

Ƙorafina ɗaya da ya shafi kowa shi ne taswirar da ake saukewa don amfani ba tare da intanet ba. Tana da kyau, ina kuma ba da shawarar a sauke ta tun a gida, amma hanyar mota kaɗai take nunawa. Ba ta ba da hanyar jirgin ƙasa ko ta ƙafa sai da intanet, ga shi kuwa matafiyin da ya fito daga tamina ya bar intanet ɗin filin jirgi a bayansa, su ya fi buƙata. Maganinsa shi ne ka gama duk bincikenka kana ciki, ka adana wurare biyu ko uku, ka ɗauki hoton allon wayar mai nuna hanyar zuwa da ta dawowa. A lura kuma da wuraren da ke fitowa a sama ɗauke da alamar talla. Kuɗi suka biya, ba zaɓar su aka yi ba.

Idan a Los Angeles ka sami kanka, akwai reshen gidan abincin In-N-Out a titin Sepulveda da ya yi suna saboda jirage na wucewa dab da kansa za su sauka. Mutane na zuwa da kyamara su zauna a ɗan filin ciyawar da ke gefensa. Yana cikin 'yan wuraren da binciken "kusa da ni" ke faɗin gaskiya, domin ana iya takawa da ƙafa daga Tamina ta 1. Sai dai layin na da tsawo da rana, a duba jadawalin cunkoson tukuna.

In za ka ƙunso sauran abincin ka koma da shi, busasshe yana wucewa, amma dokar ruwa ta mililita 100 da aka kafa tun 2006 tana nan a yawancin filaye, kuma miya da romo duk ruwa ne a idon mai bincike. Ka cinye su a teburin.