Wasiƙa daga unguwar maƙeran Birmingham

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Ka ce in ba ka labarin yadda sana'ar gidanmu take a nan Ingila, kada in rage komai. To ga shi.

A Birmingham akwai unguwa sukutum ta maƙeran fari, suna kiranta Jewellery Quarter. Can nake zuwa duk Asabar koyon aikin azurfa, abin da a gida ban taɓa samun hali ba sai dai in zuba wa Baba ido, Allah ya jiƙansa. Babu gawayi, babu zugazugi, wutar gas ce siririya kamar allura. Amma masaba masaba ce, ƙararta ɗaya da ta zaurenmu.

Abin da zai fi burge ka shi ne hatimi. Suna da ofishin gwajin ƙarfe tun 1773, kuma dokar 1973 ta hana ka sayar da abu da sunan zinari in ya wuce giram 1, ko da sunan azurfa in ya wuce giram 7.78, sai an gwada an buga masa hatimi. Za ka ga alamar maƙerin, da lambar tsabtar ƙarfen, 925 ga azurfa, sai alamar garin da aka gwada: ta Landan kan damisa, ta Birmingham ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, alhali garin ba shi kusa da teku. Mu a Kasuwar Rimi dutsen gwaji ne da mutuncin mai shago. Sai dai a zinarin kansa mun fi su nesa ba kusa ba. Da yawa a nan karat 9 suke sawa, lambarsa 375, wato zinarin cikinsa bai kai rabi ba. In Inna ta gani, ita da ta saba da 21 ɗan Saudiyya, ko hannu ba za ta sa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban rubuto ba, ina ta juya yadda zan faɗa maka. Kusa da teburina akwai wani mutum da ya iya aiki ƙwarai. Ranar farko suka ce mini su ba sa ɗaukar kansu namiji zalla ko mace zalla, kuma sun fi so a ce musu “su”. Turawa da dama harshensu yakan sarƙe a nan, domin a wurinsu kalmar ta mutane da yawa ce. Ni kuwa ko gezau. Ai da “ku” da “su” muka tashi muna kiran Baba da malaminmu na allo. Kalmar girmamawa ce, ban ga abin da zan rasa ba in na ba ɗan Adam ita.

Yawancin masu sayen kayansu irinsu ne, da maza masu son maza, da mata masu son mata. Ka san a gida ƙarfe ma yana da jinsi: zinari na mata, namiji iyakarsa zoben azurfa, sarƙa da ɗankunne da awarwaro kuma suna jiran akwatin lefe. Manyan kantunan nan ma haka suke, tire na mata daban, na maza daban. A nan da harufa ake auna zobe, daga A zuwa Z. Siraran zobba masu dutse a ƙananan harufa suke tsayawa, masu kauri su fara daga manya. Mai katon yatsa da ransa ke son siriri sai ya fita hannu rabbana, wani lokacin ma da kallon banza a bayansa. A teburin maƙwabcina kuwa ba a tambayar na wa ne. A auna yatsa, a zauna a yi hira, wani lokacin awa guda, sannan a zana.

Na ga sun ƙera ɗankunne biyu da ba su yi kama ba, ɗaya dogo mai kaifi, ɗaya zagayayye, na kunnuwan mutum ɗaya. Na ga zobe rabinsa goge yana sheƙi, rabinsa an bar masa sawun masaba, mahaɗar kuma ba a ɓoye ta ba, da gangan aka fito da ita da jan ƙarfe. Da a zaurenmu ne sai a ce aikin bai ƙare ba. Wasu suna so a narka musu gilashi mai launi a kan azurfa, rawaya da fari da shunayya da baƙi, launukan tutar waɗanda ba sa ɗaukar kansu namiji zalla ko mace zalla, wadda aka ƙirƙira a 2014. Wasu kuma sukan ce a sa launukan ta cikin zoben, inda yake taɓa fata, don ko a nan ba kowa ne iyayensa ko wurin aikinsa suka sani ba. Wannan ya taɓa ni, Yaya.

Kuɗin ne muka yi gardama a kai. Ladan aiki ya ninka kuɗin azurfar sau da yawa, kuma sai ka jira makonni. Na ce musu a garinmu sarƙa banki ce, ranar matsi a kai ta sikeli a karɓi kuɗi, wannan kuwa in aka kai sikeli asara ce. Suka ce masu zuwa wurinsu ba don su sayar suke saya ba, wasunsu wannan ne abu na farko da suka taɓa sawa suka ji nasu ne. Har yanzu ina ganin tsadar ta yi yawa, amma na daina gardama.

Ko ka tuna ɗan daudun nan mai tuwo a bakin tasha, da yakan zo wurin Baba bayan magariba? Awarwaron kasuwa ba ya shiga hannunsa. Baba ya auna masa da zare, ya ƙera, ya karɓi kuɗinsa daidai da na kowa, bai taɓa faɗa wa mutum ba. Ban ce shi da mutanen nan abu ɗaya ne ba, kowa da duniyarsa da sunan da yake kiran kansa. Amma duk sanda na ga ana auna yatsa a teburin nan, zaren Baba nake tunawa.

In Alhaji zai taso bayan Sallah, don Allah ka ba shi ƙaramar masabar Baba mai gajeren ƙota, da tsakiya 'yar Bida ko da zuba biyu ne, rawaya da baƙa. Na yi wa maƙwabcina alkawarin za su ga aikinmu da idonsu. Ka gaida Inna, ka ce maganin ƙafarta yana hanya.