Irin ƙaramin tumatir da na saya kusa da kasuwar Kejetia

Duk matar da ke cefane a Kumasi ta san halin tumatir. Da rani idonmu na kan motocin da ke saukowa da shi daga Burkina Faso, in damina ta kankama sai na Akumadan da Tuobodom ya shigo. A tsakani kuwa akwai makonnin da mai tumatir za ta jera miki guda huɗu a faranti, ta faɗi kuɗi, ki rasa bakin magana. A irin wannan rana ce cikin watan Mayu na fito daga Kejetia, na shiga wani shagon kayan noma, na tambayi irin da zai yi a jarka. Gidanmu na haya a Aboabo siminti ne tun daga ƙofa har bayan gida.

Dattijon da ke shagon ya miƙo mini 'yar fakiti mai hoton tumatir ƙanana kamar 'ya'yan kanya, wanda ake kira ceri. Ya ce, "Hajiya, wannan ba na babbar tukunya ba ne, amma ba zai ba ki kunya ba." Bai karɓi kuɗina ba sai da ya tambayi awa nawa rana ke yi a tsakar gidan, don in bai samu kamar awa 6 ba, ganye kawai zai yi. Ya ce in huda gindin jarka, in haɗa baƙar ƙasa da kashin kaji da ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa. Ya kuma ja kunnena kada in ɗebo ƙasar da tumatir ko barkono ko gauta suka taɓa mutuwa a cikinta, cutar tana zama a ƙasa. Wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗin fakitin.

Ƙwaya 20 na shuka a kiret ɗin ƙwai, 17 suka fito cikin mako guda. Bayan mako 4 na dasa shida a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, sauran na raba wa maƙwabta.

Abin da Malam mai shagon bai gaya mini ba shi ne tsawonsa. Kafin in ankara ya wuce ƙuguna ya kwanta a kan siminti, reshe biyu suka karye. Sai da na nemo gora, na yayyaga tsohon zane na ɗaɗɗaure. Yanzu ya fi ni tsawo. Kowace safiya bayan asuba nakan bi in tsinke 'yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye, yatsuna su yi kore, ƙamshin nan mai kaifi ya bi ni har kicin. Wata 2 da dasawa na ga ja na farko. Zangarniya ɗaya za ki ga na kusa da reshe ya yi jajir, na tsakiya ruwan lemo, na can ƙarshe ɗanye shar, kullum da abin tsinka.

Ya sha wahala kuma. Farin ƙuda ya taru a bayan ganye, guda ɗaya ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya, na tumɓuke shi da hannuna raina a ɓace, don kada ya shafi 'yan uwansa. Sauran na riƙa fesa musu ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu da yamma. Da ruwan Satumba ya sauko bayan ɗan farin Agusta, nunannun suka tsattsage a dare ɗaya. Tun daga nan, in na ga hadari ya haɗo, ko rabin nuna ne nake tsinkewa, ya ƙarasa a faranti.

A girki, inda ya fi burge ni shi ne asanka, kaskon ƙasan nan da muke niƙa a ciki. Ki ɗebi tumatirin cike da tafin hannu ɗaya, ki niƙa da barkono da albasa da gishiri, ki ci da dokunu da soyayyen kifi. Zaƙi gare shi, babu tsamin nan na tumatirin da ya kwana uku a kan hanya. Ko ki raba shi biyu ki watsa a mai mai zafi da albasa, cikin minti biyar ya fashe ya ba da ruwa, ki fasa ƙwai a kai. Yarana kuma ɗanye suke zubawa a kan shinkafa da wake. Amma ranar da na gwada jar miyar tuwo ta mutum goma, ɓawo da 'ya'ya suka taso saman tukunya, miyar ba ta yi kauri ba. Surukata ta ɗanɗana ta ce, "'Yata, wannan ki bar wa asanka." Gaskiyarta, kuma dama Malam ya faɗa.

Abu ɗaya na so a ce an gaya mini a shago: a jikin fakitin an rubuta F1 da ƙananan haruffa, 'yata ce ta gano. Irin aure ne, in kin ajiye 'ya'yansa kin shuka ba lallai su fito kamar uwarsu ba, sai dai ki koma ki sayi sabo. Na koma ɗin, shago ɗaya. Wannan karon na duba kwanan watan da ke bayan fakitin, na ce a ɗauko mini na cikin kwali, ba wanda ke rataye rana na dukansa ba, kuma gorata na jingine a bango tun kafin in shuka na hunturu.