Na'urar tsotse danshi mai lita 12: ta cancanci kuɗinta a daminar Abuja?

Daga Yuli zuwa Satumba, idan marka ta zauna a Abuja, ɗakunan ƙasa a unguwanni irin su Kubwa da Lugbe sukan fara nuna hali: takalmin fata ya yi furfura a cikin wardurob, bayan gado ya yi baƙin jirwaye, katifa ta riƙa wari. Funfuna ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2009 cewa zama a gida mai rima da funfuna yana da alaƙa da tari da tashin asma. Ga kuma ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu hayayyafa a katifa idan danshi ya yi yawa.

Na'urar tsotse danshi, wadda 'yan kasuwa ke kira dihumidifaya, aikinta kamar na firji ne. Fanka tana jan iska ta bi ta kan bututu mai sanyi, ruwan ya taru ya ɗiga cikin tanki, iskar ta fito a bushe da ɗan ɗumi. Tana aiki, wannan babu tantama. A rufe ƙofa da taga, a saita ta kan danshi kashi 50 zuwa 55, a bar tazarar kamar santimita 30 tsakaninta da bango. Idan taga a buɗe take, danshin gari take ta fama da shi, kuɗin wuta kawai ke tafiya.

Lita 12 ɗin da ke jikin kwali kuwa, wato ruwan da aka ce tana tarawa a rana, a yi hattara. Galibi an auna shi ne a zafin digiri 30 da danshi kashi 80, na tsawon awa 24 ba tsayawa. Da ɗaki ya fara bushewa ruwan zai ragu sosai, ba lalacewa ta yi ba. Tankin ma bai cika wuce lita 2 ba, da ya cika sai ta kashe kanta, don haka gara a jona mata tiyo zuwa banɗaki. Ƙananan nan marasa kwamfuresa (injin sanyi irin na firji), masu kama da fulas, da ƙyar suke tara rabin lita a rana. Ba na ɗaki ba ne.

Wuta ce babbar magana. Tana cin wat 200 zuwa 250, wato awa 8 kusan yunit 2 a mita. Abin da ke kashe ta shi ne ɗauke-kawo: kwamfuresa yana bukatar hutun kamar minti 3 kafin ya sake tashi. A nemi wadda ke jinkirtawa da kanta, kuma take komawa saitinta idan an kawo wuta, a haɗa da sitabilaiza. Idan a kwance aka ɗauko ta daga kasuwa, a tsayar da ita na wasu awanni kafin a kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Matacin baya a wanke shi duk mako biyu. Idan ya toshe, ruwa ya ragu, ƙara ta ƙaru. Mai asma kada ya zama shi ne mai wankewa.

Kafin a saye ta ma, a fara da ɗan agogon auna danshi, mai araha ne. A gwada shi: gishiri mai ɗan jiƙo a murfin kwalba, a rufe su tare cikin leda kwana guda, ya kamata ya nuna kashi 75. Idan ɗaki bai wuce 60 ba, a riƙe kuɗin. Mai esi kuma ya fara gwada saitin bushewa, wanda ke da alamar ɗigon ruwa a rimot.

Inda fenti ke kumbura daga gindin bango, ko silin ke yoyo, ruwan daga ginin yake fitowa, aikin magini ne. Da hunturu ya shigo a Disamba kuma a zubar da ruwan tanki, a shanya shi, a ajiye ta, don lokacin iska ta riga ta bushe har yara na haɓo.