Glance da glimpse: wa ya kai ido, me ya gilma?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce ƙamus ɗin wayarki ya ba glance da glimpse ma'ana guda, wato ɗan gajeren kallo, sannan kin ci karo da jimlar "The bullet glanced off the wall" a wata tsohuwar takardar jarrabawa, kika rasa yadda za a yi harsashi ya kalli bango. Ba laifinki ba ne. Ƙamus ɗin bai yi miki ƙarya ba, rowar bayani ya yi.

Abin da za ki fara tambaya shi ne, wa ya gajarta kallon? A glance ke ce kika kai ido da niyya, ke ce kuma kika ɗauke shi. Direba ne a hanyar Kano zuwa Zariya zai wuce tirela, ya ɗan kai ido kan madubi ya mayar kan titi: "He glanced at the mirror." Madubin na nan bai je ko'ina ba. Da ya ga dama sai ya yi ta kallonsa har Kwanar Ɗangora, shi ne dai ba shi da wannan lokacin.

A glimpse kuwa ba ki da ta cewa. Ki ɗauka ranar Hawan Daushe ce, kin tsaya a bakin hanya tun bayan azahar, ga rana, ga ƙura, ga ƙarar bindigogi. Can sai aka fara turereniya, dogarai suka kunno kai, kika yi ɗage. Ta tsakanin kafaɗar wani dogon mutum da wuyan doki kika hango farin rawani a ƙarƙashin laima, kafin ki gyara tsayuwa har an wuce. Idan kin koma gida abin da za ki ce shi ne "I caught a glimpse of the Emir." Kin so ki ƙare masa kallo, ba a ba ki dama ba. Mu ma ai haka muke cewa: na dai ga gilmawarsa, ko na ga wulƙawarsa.

To kin ga glance aikin ido yake bayyanawa, glimpse kuma ɗan abin da idon ya samu. Shi ya sa za ki iya yin glance ki tashi a tutar babu, kamar ki dubi agogo hankalinki na wani wuri, a tambaye ki ƙarfe nawa ki ce wallahi ban lura ba. Amma ba a glimpse sai an ga wani abu, ko da gefen mayafi ne. Kalmomin da ke yi musu rakiya ma suna tona wannan asiri. Glimpse kama shi ake yi, da catch ko get, kamar abin da ke neman tserewa. Glance kuwa jefa shi ake yi, da cast ko throw, ko a sace shi. "Steal a glance" ita ce satar kallon da kika sani, irin wadda ango ke yi a wurin kamu yana nuna kamar wayarsa yake dubawa. "They exchanged glances" kuma shi ne lokacin da baƙo ya saki baki ya faɗi abin da ba a faɗa, ke da yayarki kuka haɗa ido, kowa ta gane, ba wadda ta ce uffan.

Ga inda ɗalibai ke zubar da maki a banza: glance yana tafiya da at, amma glimpse idan aikatau ne ba ya buƙatarta. "I glanced at him", amma "I glimpsed him". Idan suna ne kuma, "a glance at", "a glimpse of". Na sha jan layi da jan biro a ƙarƙashin "I caught a glance of him", kuma kusan kullum glimpse mai rubutun yake nufi.

Tunda wani zai tambaya, peek da peep duk leƙe ne, kallon da ake yi a ɓoye ko ta wata kafa, ta labule ko ta ramin makulli. Peep ya fi ɗaukar zargi. Daga gare shi aka samu Peeping Tom, sunan da Turawan Ingila ke kiran mai leƙen mata. Almararsu ce ta Lady Godiva, matar wani hakimi a ƙarni na 11, wadda aka ce ta ratsa garin Coventry a kan doki ba sutura don mijinta ya sassauta wa talakawa haraji; kowa ya rufe ƙofa da taga sai wani tela, Tom, da ya leƙa ya makance. Ki kuma kiyayi rubuta peak a wurin peek. Furucinsu ɗaya, amma na farkon ƙololuwa ne, kamar ta dutse. 'Yan'uwanmu na Sudan da Chadi za su yi dariya idan suka ji cewa a Turancin kan titi na Ingila ana cewa "have a shufti", wato ɗan duba. Shuf ɗin nan dai na Larabci ne, wato duba, sojojin Ingila da suka zauna a ƙasashen Larabawa suka koma da shi gida.

Mu dawo kan glance, don shi ne mai 'ya'ya da yawa. "Glance through" ko "glance over" karatun sama-sama ne, irin wanda ake yi wa takardar haya kafin a sa hannu, daga baya a zo ana da-na-sani. "At a glance" na nufin da kallo ɗaya, kamar yadda tsohon mahauci ke gane naman jiya. Idan kuma jarida ta rubuta shi a kan wani jadawali, misali na kasafin kuɗi, ma'anarsa a taƙaice. "At first glance" daban ne, kuma ki sa ido, kusan duk inda ya fito akwai "amma" a gaba. Marubucin yana shirin gaya miki cewa kallon kitse aka yi wa rogo. Glimpse ba shi da wannan yawan. Abin da ya ƙara kawai shi ne ma'anar ɗan ɗanɗano, kamar a ce wani shiri ya ba da "a glimpse into" rayuwar makiyaya, wato ya ɗan ɗaga labule, bai nuna duka ba.

Sai harsashinki. Wannan ma'anar da ta ruɗe ki ita ce uwa, kallon ne ya zo daga baya. Tun ƙarni na 15 ana amfani da glance a kan makami, takobi ko kibiya, da ya sami abu a karkace ya goge shi ya zame. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 aka ara wa ido. Kuma aron ya yi ma'ana: ido ya sauka kan abu, bai zauna ba, ya tashi. Idan yayyenki na zuwa gidan kallon ƙwallo, tambaye su "glancing header". An bugo kwana, ɗan wasa ya yi tsalle, bai doki ƙwallon da tsakiyar goshi ba, ya dai goga mata gefen kai ta sauya hanya ta shige ta can kusurwa, gola na tsaye. "A glancing blow" ma haka ne, dukan da ya shafi mutum bai same shi sosai ba. Har hasken rana idan ya bugi sabon kwanon rufi ya dawo miki a ido, Bature zai ce ya yi "glance off". Alamar da za ki riƙe ita ce off ɗin nan: da at ido ne, da off gogayya ce.

Saboda haka jimlar taki cewa take yi harsashin ya gogi bango ya kauce, bai huda shi ba. Idan tambayar ta neman kalma mafi kusa da ma'ana ce, ki nemi deflected ko bounced a cikin zaɓin, ki bar looked inda kika gan shi, don tarko aka ɗana da shi.