Ina Za Ka Kai Sabon Kwikwiyo a Duba Shi Karon Farko?

Wanda ya sayi kwikwiyo ko aka ba shi kyauta, na gadi ne ko na farauta, kada ya bari kwana uku su wuce bai kai shi an duba ba, ko da ɗan karen yana wasa yana cin abincinsa. Zuwan farko shi ne mafarin zuwa uku ko huɗu da za a yi kafin kwikwiyon ya cika wata huɗu, saboda haka wurin da ka zaɓa yau can za ka riƙa komawa. Shi ya sa ya kamata a yi zaɓen a tsanake.

Allurar farko ana yin ta ne yana da mako 6 zuwa 8. A katin allurar karen za ka ga an rubuta DHLPP, wato allura ɗaya da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, waɗanda suka fi kisa a cikinsu su ne fabo, mai sa amai da gudawar jini, da distemfa, mai farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Ana maimaita ta duk bayan mako 3 zuwa 4 har kwikwiyon ya kai mako 16. Allurar ciwon haukar kare kuwa sai ya cika wata uku, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da kwikwiyo ya samu daga dakashin uwarsa. Muddin tana da ƙarfi a jininsa, takan hana allurar kamawa, kuma ba a sanin ranar da za ta gushe: wani a mako 8, wani sai ya haura mako 12. Wanda ya yi allura ɗaya ya tsaya, mai yiwuwa karensa ba shi da kariyar komai alhali yana ganin ya gama.

Wuraren da ake kai kwikwiyo a Arewa kusan iri huɗu ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Asibitocin koyarwa na jami'o'i, irin na Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su suka fi kayan aiki. Akwai ɗakin gwaji da za a duba kashi da jini, akwai likitocin da ƙananan dabbobi ne fanninsu. Idan kwikwiyon ya zo da wata alama, ko kuma irin karnukan waje ne masu tsada kamar Rottweiler ko Alsatian, waɗanda fabo ya fi kayarwa, can ya fi dacewa. Matsalarsu nisa ga wanda ba a garin yake ba, da jira. Tafiyar awa uku a mota cikin zafin bazara da kwikwiyo ɗan mako bakwai, sau huɗu, wahala ce da ba dole ba idan lafiyarsa ƙalau.

Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ya fi kusa da talaka, ya fi sauƙin kuɗi, kuma wajen allurar haukar kare ana iya dogara da shi, musamman da yake cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura a cikin gida. Wasu jihohin ma sukan yi ta kyauta a daidai 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Sai dai aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, ita kuma DHLPP daga waje ake shigo da ita, ba kullum ake samun ta a ajiye ba. Ka tambaya kafin ka ɗauko kare. Idan aka ce ka je ka sayo a kasuwa ka kawo, to nauyin sanyinta ya dawo kanka, sai ka tafi da kula mai ƙanƙara a ciki.

Asibiti mai zaman kansa ya fi tsada, amma a manyan garuruwa irin su Kano, Kaduna, Jos da Abuja shi ya fi yawan ganin karnuka, kuma likita ɗaya ne zai bi kwikwiyon tun daga farko har ƙarshe, wanda hakan yana da amfani ƙwarai. Yawancinsu kuma sukan zo gida idan an biya kuɗin mota. Zuwa gida yana da fa'idar da mutane ba su cika lura da ita ba: kwikwiyon da bai gama allura ba ba zai taka inda karnuka marasa lafiya suka yi amai ba. Amma a wannan fagen ne likitocin bogi suka fi yawa, masu jaka da farar riga waɗanda ba su taɓa shiga ajin likitanci ba. Likitan gaske yana da lambar rajista daga hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, wato VCN, kuma ba zai ji haushi ba don ka tambaye shi ita.

Na huɗu shi ne shagon sayar da magungunan dabbobi, inda yaron shago zai ce ka kawo ya tsira masa. Ka sayi abinci da sarƙa da shamfu a can, ban da allura. Araha ba ta ado.

Duk wanda ka zaɓa a cikin ukun farko, abin da zai raba maka gardama shi ne firij. Allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har jikin kare. Idan ta yi zafi ta mutu, idan ruwanta ya daskare ta lalace, kuma a ido ba a ganewa, kwalbar tana nan yadda take. Da irin wutar da muke samu, ka tambaya kai tsaye: firij ɗin nan da me yake aiki idan an ɗauke wuta, sola ko janareta? DHLPP kwalabe biyu ce ƙanana, ɗaya gari ɗaya ruwa. A gabanka ya kamata a fito da su, ka taɓa ka ji sanyi, ka duba ranar ƙarewar aikinsu, a haɗa su nan take da sabon sirinji a yi allurar ƙarƙashin fatar bayan wuya. Wadda aka zo da ita a haɗe cikin sirinji daga wani wuri, kada ka yarda. Bayan nan a ɓare takardar jikin kwalbar a manna a katin karen, a rubuta kwanan wata da ranar dawowa, likita ya sa hannu. Haka nan idan mai sayar da kwikwiyo ya ce maka an riga an yi masa allura, ka nemi katin mai wannan manne. In babu, a fara daga farko, maimaitawa ba ta cutar da shi.

Abu na biyu da za ka lura da shi shi ne ko an duba karen kafin a ɗauko allura. Likitan kirki zai fara ɗora shi a sikeli, don duk maganin da za a ba shi da kilo ake auna shi. Zai sa masa ma'aunin zafi ta dubura, lafiyayyen kwikwiyo yana tsakanin digiri 38 da 39.2. Zai ɗaga leɓensa ya ga dasashi: in ja-ja ne lafiya, in ya yi fari fat to tsutsa ko kaska sun sha jininsa. Zai leƙa kunne, ya buɗa gashi yana neman ƙuma da kaska da ƙazuwa, ya saurari ƙirji, ya lallatsa ciki, ya taɓa cibiya ko akwai ƙaba. Wannan duka bai wuce minti ashirin ba. Kwikwiyon da ke da zazzaɓi ko amai ko gudawa ba a yi masa rigakafi a ranar, sai an yi masa magani ya warware. Wanda ya zare allura tun bai taɓa jikin karen ba, kada ka koma wurinsa.

Ka tafi da ɗan kashinsa na safiyar ranar a ƙulle cikin leda, ka ɗauke shi a kwali ko kwando, kada ka sauke shi ƙasa a harabar asibiti.

Kusan duk kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsa, ko ya sha ta a nono, shi ya sa za ka ga ciki tulu-tulu ga ƙashin haƙarƙari a waje. Ana ba da maganinta tun yana mako biyu, duk bayan mako biyu har mako 12, sannan wata-wata har wata shida. Mai ɗauke da pyrantel shi ya fi sauƙi ga ɗan ƙarami, miligiram 5 kan kowane kilo, sau ɗaya. Fenbendazole ya fi shi faɗin aiki, amma miligiram 50 ne kan kowane kilo, kwana uku a jere. Abin gudu shi ne Ivomec ɗin shanu da ake yi wa kwikwiyo da ƙiyasi: ɗigo kaɗan ya wuce kima sai ka ga dalala da tangaɗi da makanta, wani lokaci mutuwa.

Kaska ma haka. Feshin fipronil ana iya yi wa kwikwiyo tun yana ɗan kwanaki. Na ɗigawa a bayan wuya da ƙwayar taunawa irin NexGard sai ya kai mako 8 da kilo 2. Amitraz, ruwan wankan nan da ake tsarmawa, ya fi arha amma ya yi wa ɗan ƙarami ƙarfi. Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa guba ne, fata tana tsotse su, kuma karen yana lasar jikinsa. Kada kuma a ba shi Panadol ko ibuprofen na mutane don an ga jikinsa ya yi zafi.

Wajen kuɗi, ka tambayi jimillar aikin gaba ɗaya har mako 16, da allurar haukar kare da maganin tsutsa da kati, sannan ka kwatanta wuri da wuri. Wani yakan rage kuɗin zuwan farko ya fanshe a na baya.

Bayan allura ka ɗan zauna minti 20 zuwa 30 kafin ka tafi. Kasala da rage cin abinci na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma kumburin fuska ko amai ko numfashi da ƙyar, a koma wurin likita nan take. Kwikwiyon ya zauna cikin gida, ban da yawo a layi ko cuɗanya da baƙin karnuka, har sai mako biyu bayan allurar ƙarshe. Idan kuma a gidan an taɓa rasa wani kare da gudawar jini, ka gaya wa likita tun a zuwan farko, domin ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa, har ta kai shekara. Daɓen siminti da kwanukan abinci a wanke su da ruwan bilic irin Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Tsakar gida mai turɓaya ba ta wankuwa, sai dai a killace kwikwiyon a ɗaki ko keji mai daɓe har ya gama allurarsa.