Firi-amf Mai Kwalba: Ka Gwada Kafin Ka Biya

Masu haɗa situdiyo a gida sun san ƙananan akwatunan nan na ƙara ƙarfin makirufo, wato firi-amf, masu 'yar kwalbar gilashi ta lantarki (tube) a ciki, irin su ART Tube MP da Behringer MIC100 da Studio Projects VTB1. Kwalba iri ɗaya ce a cikinsu, 12AX7, wadda kamfanin RCA na Amurka ya fito da ita tun shekarun 1940. An ƙera ta ne don ta ci wuta kamar bolt 250, amma a masu araha abin da ke isa gare ta sau da yawa bai kai bolt 50 ba. Da yunwa take aiki ke nan. Tiransisto ne ke ɗaukar nauyin ɗaga muryar, ita kuwa kwalbar yaji kawai take barbaɗawa.

Yajin nan ba laifi ba ne. Yana yi wa siririyar murya kauri, yana kuma gyara gita. Amma in ya yi yawa, sai ka ji muryar ta dishe kamar ta mai mura. Shi ya sa na fi son VTB1, don yana da maɓallin rage kwalbar ko cire ta gaba ɗaya.

Ga gwajin da nake yi. Ka samu kan waya na XLR, wato kan wayar makirufo mai ƙafa uku, ka liƙa rezista mai om 150 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, ka soka a gurbin makirufo. Bari akwatin ya yi ɗumi minti 15, sannan ka buɗe ƙarfin har ƙarshe da hedifon a kunne. "Shuu" kaɗan dole ne. Gurnani mai kauri kuwa na wutar gida ne mai zagaye 50 a daƙiƙa, ko dai adaftar ce ko rashin waya ta ƙasa. Sai ka ƙwanƙwasa akwatin da farce. In ka ji "tin" a kunne, kwalbar ta lalace ko ba ta da kyau, amma ana canza ta.

Mai makirufo Shure SM7B, wadda ke son ƙarin ƙarfi na desibel wajen 60, ya bi a hankali, a can ne shuu ɗin ke fitowa fili. Mai karatu ko wa'azi da ke son murya tas, firi-amf ɗin cikin Focusrite Scarlett, akwatin haɗa makirufo da kwamfuta, ya ishe shi. Kwalba mai cikakkiyar wuta sai irin Universal Audio SOLO/610, kuɗinsa kuma ninkin-ba-ninkin ne.

In na hannu ne daga Amurka, duba adaftarsa, don ta bolt 120 ce, wutarmu ƙona ta za ta yi.