Sharhi kan takunkumin N95 a hayaƙin Legas

Takunkumin da na yi amfani da shi tsawon hunturun bana shi ne N95 na kamfanin 3M, samfurin 8210, mai kama da ƙoƙo, mai igiyoyin roba biyu da ake zagayawa ta bayan kai. Na kuma gwada wani nau'in takunkumi, KN95, mai rataya a kunne domin kwatantawa.

An san takunkumin N95 da kare mutane daga hayaƙin gobarar daji, kamar wadda ta tashi a Kanada a 2023 har hayaƙinta ya turnuƙe birnin New York. Mu a Legas namu hayaƙin daga juji yake fitowa, irin gobarar jujin Olusosun ta 2018 a Ojota, da janareta, da salansar manyan motoci a hanyar Apapa, ga kuma hazon hunturu. Abin tsoro a cikinsu duka shi ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda ido ba ya gani, suna wuce hanci su shige can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin awa 24.

N95 yana tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari na irin waɗannan ƙwayoyi, amma fa sai ya manne da fuska. Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Igiyar sama ta hau saman ƙeya, ta ƙasa ta zauna a wuya ƙarƙashin kunnuwa. Ƙarfen hanci kuwa da yatsun hannu biyu ake lanƙwasa shi. In aka matse da hannu ɗaya sai ya yi tsini, iska ta samu kafa. Bayan haka a rufe shi da tafin hannu a fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska a idanunka ko tabarau ya yi suraci, bai zauna ba, sake gyarawa.

'Yan'uwa masu gemu, gaskiya ɗaya ce: gashi yana hana bakin takunkumin kama fata, don haka kariyar tana raguwa sosai. Sa shi ya fi rashinsa, sai dai a rage zama cikin hayaƙin. Yara ƙanana ma ba girmansu ba ne.

KN95 ya fi sauƙin sawa, amma robar kunne ba ta ja sosai, gefen kumatu yana buɗewa. Shuɗin takunkumin asibiti da na yadi kam ba aikinsu ba ne.

Aibin N95 shi ne zafi. A damshin Legas cikinsa yana jiƙewa da gumi, numfashi ya yi nauyi. Mai aikin ƙarfi, kamar ɗan dako a Mile 12 ko mai suya a gaban wuta, ya riƙe na biyu don canji. Kada a wanke shi, domin ruwa da sabulu suna kashe cajin lantarkin da ke cikin zaren, wanda shi ne ke kama ƙwayoyin. Da ya yi datti, ko robar ta saki, a jefar. Mai asma ko ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna.

Wajen saye a duba jikinsa: na gaske yana ɗauke da kalmar NIOSH (hukumar Amurka mai tantance irin wannan takunkumi) da lamba mai farawa da TC-84A.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukarsa maganin komai. Ba ya tare gubar kabon monoksaid da janareta ke fitarwa, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ke kashe iyali cikin barci. Ko da takunkumi a fuska, janareta a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, ba a baranda ko lungun ɗaki ba.